Saƙon WhatsApp hujja ne a kotu?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Daga Jidda nake rubutowa, don Allah ku nemo mana lauya ya warware mana irin hujjar da kotunan jihohi ke karɓa a Najeriya, musamman abin da ke cikin waya. Mu nan kusan kowa aike yake yi gida, wani fili ake saya masa a Kano, wani gini, wani jari ya ba ƙaninsa, kuma duk a WhatsApp ake gama magana, saƙon murya da hoton rasit shi ke nan. Ranar da aka ci amana sai ka ji mutum na bugun ƙirji wai ai komai na cikin wayata.

To babbar kotun jiha ba haka kawai ake miƙa mata waya ba. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda da abin da aka ciro daga kwamfuta ko waya, amma sai an nuna na'urar lafiyarta ƙalau a lokacin, a haɗa da satifiket mai bayanin yadda aka ciro shi, in ba haka ba lauyan wancan ɓangaren zai miƙe ya ce bai yarda ba kuma alƙali na iya turewa gefe. Ko a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa haka Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka ciro daga intanet, balle kai da ƙaninka. Kotun shari'ar Musulunci kuma Malikiyya take bi, mai ƙara ya kawo shaidu, wanda ya musa ya rantse, to wa zai yi maka shaida kan maganar da kuka yi ku biyu a waya da tsakar dare?

Nan Saudiyya dokar isbat, wato dokarsu ta shaida, da ta fara aiki a 2022 ta karɓi hujjar waya da kwamfuta, kuma a ƙa'ida cinikin da ya haura riyal 100,000 sai da rubutu, baki kawai bai isa ba. Ni dai wannan ya yi min, don mutanenmu kunyar ce wa ɗan'uwa a rubuta suke ji, alhali ayar bashi na nan a Baƙara.

In lauyan ya zo a tambayar mana shi, wanda ya canza waya saƙonnin suka koma sabuwa yaya zai yi da satifiket ɗin, sannan mutum zai iya ba da shaida ta bidiyo daga nan? Don ba kowa ke da halin zuwa gida ya dawo ba saboda maganar iƙama, wato takardar izinin zama.

Naku,
Mai bibiyarku daga Jidda