Abin da na gani a bakin lungunan Bankok, da roƙona kan ƴan kabu-kabun Maradi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka sammini ɗan fili a jaridarmu in faɗi wani abu da ke cina tun da na dawo daga tafiya. Ni ɗan kasuwa ne, kayan yara nake sayarwa a babbar kasuwar Maradi, amma kafin Allah ya hore mini rumfa sai da na yi shekara shida ina kabu-kabu. Na faɗi haka ne don a san da wane ido na kalli garin da zan ba da labarinsa.

A watan Mayun 2025 maigidana Alhaji, wanda ya daɗe yana saro kaya a ƙasar Tailan, ya ce in raka shi Bankok in koyi hanya, don ƙafafunsa sun fara gajiya da yawon kasuwa. Daga Yamai muka tashi, muka sauya jirgi a Addis Ababa, muka sauka filin jirgin Suvarnabhumi. Agogonsu na gaban namu da awa shida. Ina fita ƙofa zafi ya tarbe ni. Mu mutanen Maradi mun san zafi, sai dai namu busasshe ne, in ka samu gindin bedi ka tsira. Nasu jiƙaƙƙe ne, kamar ka sunkuya kan madambaci an buɗe murfi, kuma dare bai rage masa komai. Da na sayi ruwa aka miƙo mini rasit, na ga an rubuta shekarar 2568. Alhaji ya ce ba kuskure ba ne, lissafin addinin Buda suke bi, wanda ya fi na Miladiyya da shekara 543.

A unguwar Pratunam muka sauka, gindin dogon benen nan na Baiyoke mai hawa sama da 80. Nan ne cibiyar sarin tufafi. Tun kafin gari ya waye masu kaya sun shimfiɗa, ƴan dako na turo kura cike da dila a lungun da mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa. Ciniki da na'urar lissafi ake yin sa: mai kaya ta danna kuɗinta ta juyo maka, kai ma ka danna naka ka mayar mata, har ku daidaita ba wanda ya ji harshen wani. Mata ne suka fi yawa a rumfunan, kuma ban taɓa jin ɗaya ta ɗaga murya ba ko da tayinka bai yi mata ba. Ka haɗu da Balarabe, ka haɗu da Ba'indiye, ka ji Hausa ta faɗo maka a kunne daga bakin wani ɗan Kano ko ɗan Damagaram.

Titi kuwa sai wanda ya gani. Hannun hagu suke bi, ga motoci sun cushe sahu-sahu ba motsi, a samansu jirgin ƙasa na wucewa bisa ginshiƙai, wanda suka buɗe tun 1999, a ƙarƙashin ƙasa kuma akwai wani da ya fara aiki a 2004. Har ruwa hanya ce. Ranar da za mu kasuwar Bobae, kwalekwale mai inji muka shiga a magudanar Saen Saep. Ruwan baƙi ƙirin, yana wari, in wani kwalekwalen ya gifta sai fasinja su ja igiya tamfol ya tashi ya kare su daga fantsama. Amma cikin ɗan lokaci muka isa inda mota za ta ci sa'a guda. A bakin ruwan na hangi masallatai, hankalina ya kwanta, don kwanan farko burodi da ayaba kawai na yarda da su, ganin yadda naman alade ke rataye a rumfunan abinci. Daga baya muka saba da layin masallacin Darul Aman a kan titin Phetchaburi, inda Musulmin ƙasar ke sayar da shinkafa da kaza. Ita shinkafar ba baƙuwa ba ce, mun daɗe muna ganin sunan ƙasarsu a jikin buhu a kasuwanninmu.

Duk waɗannan na kalle su na wuce. Abin da ya tsayar da ni yana bakin lungun masaukinmu.

Ƴan kabu-kabu ne, su kamar goma sha biyu, zaune bisa benci ƙarƙashin rumfar kwano. Kowa na sanye da ƴar shara ruwan lemu, a bayanta lamba ƙatuwa da sunan unguwarsu. Baburansu jere, lambar babur ɗin rawaya ce, alamar na haya ne mai rajista. A jikin bango an kafa allo ɗauke da sunayen wurare, gaban kowane suna ga kuɗinsa. Ban iya rubutunsu ba amma na gane alƙaluma: 10, 15, 20. Bat ne sunan kuɗin ƙasar, kuma bat 20 ɗin nan kusan dala saba'in ne a kuɗinmu a lokacin. Su suna kiran irin wannan tasha "win", kuma kusan duk babban lungu da tasa.

Da safe na ɗauki shayina na tsaya ina kallo. Wata tsohuwa ta fito da leda biyu. Ba wanda ya tashi da gudu, ba wanda ya yi mata oda, ba wanda ya fizgi ledarta. Wanda layi ya zo kansa shi kaɗai ya miƙe, ya karɓi ledojin ya rataya, ya jira ta zauna a kaikaice ta gyara, sannan ya ja a hankali. Ko tambayar ta inda za ta bai yi ba, da alama ya san gidan. Minti biyar ya dawo ya koma ƙarshen benci. Can wata mai shago ta leƙo ta ba wani takarda da kuɗi, ya tafi aike ya dawo mata da canji. Wallahi Malam Edita sai da idona ya kawo ruwa, don na tuna yadda muke yi a zamanina: ka yini kana zagaye gari kana ƙona mai, ku huɗu ku rufar wa mutum ɗaya, ka kai shi unguwar Ali Ɗan Sofo ya ce ba haka kuka yi ba, ku tara jama'a kan dala goma.

Na kuma tuna ƙanena. Shekarun baya, bayan isha'i, wani ya tsayar da shi ya ce ya kai shi wajen gari. Da suka bar haske ya maka masa ƙarfe a ƙeya ya gudu da babur. Babur ɗin ba nasa ba ne, kullum yana kai wa mai shi kuɗin yini. Ya yi jinya, ya tashi da bashi, har yau in rana ta take kansa na sarawa. Ba wanda ya ga tashinsa, ba wanda ya san wa ya ɗauka, ba wanda ya lura bai dawo ba sai da gari ya waye. Da daga tasha ya tashi, gaban abokan aiki goma, da mugun ya yi tunani sau biyu, kuma da an bi sawunsa tun a daren.

Ba na cewa nasu ba shi da aibu. Na ga suna hawa hanyar masu ƙafa in cunkoso ya yi yawa, na ga fasinja da dama ba hular kwano duk da doka ta ce a sa, kuma ƙasar ta yi ƙaurin suna wajen haɗarin babur. Wani ɗan Nijeriya da ya daɗe can ya shaida mini cewa ita kanta rigar ta zama haja, ana sayar da ita ko a ba da hayarta da tsada a tashoshi masu ciniki. Kafin gwamnatinsu ta fara yi musu rajista a 2003, ƴan daba da masu ƙarfin unguwa ne ke karɓar kuɗi a hannunsu, kuma har yanzu ba a rabu da abin gaba ɗaya ba. Wannan ya kamata mu ji shi da kyau, kada mu kawo tsari ya zama sabuwar hanyar tatsar yaran talakawa. Abin da ya sa nasu ke aiki, a ganina, ba rigar ba ce kaɗai. Riga ko an raba, in mai ita yana yawo ba mazauni, tsumma ce. Tashar ce ke sa a san mutum, allon kuɗi ya kashe gardama, layi ya hana rububi.

Maradi ba Bankok ba ce, mutanen Bankok da kewaye sun haura miliyan goma, kuma ban dawo ina mafarkin jirgin ƙasa a sama ba. Amma benci da rumfar kwano da allo ba su fi ƙarfinmu ba. Roƙona ga magabatan gari da shugabannin ƴan kabu-kabu da masu adaidaita shi ne a gwada a wurare kaɗan tukuna: ƙofofin babbar kasuwa, bakin tashar mota, bakin asibiti, ƙofar jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. A rubuta sunan kowane yaro da lambarsa da mai tsaya masa a littafi guda, mai unguwa ya sa hannu. Su yaran da kansu su zauna su yanke kuɗin kowace unguwa, a rubuta da boko da ajami, in kuɗin mai ya tashi a sake zama a gyara. Rajista ta zama ta kuɗi kaɗan, a ba da rasit, kuma lamba ba ta sayarwa ba ce, in mutum ya bar sana'a ya mayar da ita. Wanda ya ɗauki fasinja zuwa wajen gari da dare ya faɗa wa na kusa da shi a benci kafin ya tashi.

Na riga na yi magana da yara bakwai da ke tsayawa kusa da rumfata, biyar sun yarda. Ni na ɗauki nauyin benci da allo, wani maƙwabcina mai sayar da kwano ya ce zai ba da falle huɗu. Abin da ya rage mana shi ne izinin wurin da za mu kafa rumfar, kuma shi muke jira daga hukuma.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani mai sayar da kayan yara,
unguwar Zariya, Maradi