Addinin Sikh ba gaurayen Musulunci da Hindu ba ne

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahoton da kuka buga kwanan nan kan mabiya addinin Sikh, inda aka ce gaurayen Musulunci da Hindu ne. Ina ganin wannan magana na buƙatar gyara.

Gaskiya ne wanda ya kafa addinin, Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469 a Talwandi ta ƙasar Punjab, ya tashi tsakanin Musulmi da 'yan Hindu. Littafin addinin Sikh da Guru Arjan, jagoransu na biyar, ya harhaɗa a 1604 ma yana ɗauke da baitocin Shehu Farid, Musulmi sufi. To amma maƙwabtaka daban, asali daban. Littafin ya buɗe da "Ik Onkar", wato Ubangiji ɗaya ne, ba shi da siffa, ba a haife shi ba. Ba sa bautar gumaka, kuma sun ƙi bambancin dangi: a haikalinsu na Amritsar attajiri da talaka kan zauna ƙasa, sahu ɗaya, su ci abinci kyauta. Sai dai sun yarda rai kan sake dawowa duniya, abin da Musulunci bai yarda da shi ba.

Ina roƙon ku tuntuɓi malaman Sikh su yi bayanin aƙidarsu da bakinsu, ku buga mana.

Nagode,
Wani mai karatu, Zariya