Ba Kowane Farin Ruwa Ne Ciwon Sanyi Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a aikina na ungozoma a nan Gombe.

Kwanakin baya wata yarinya mai shekara biyu da aure ta zo wurina da leda cike da magungunan sanyi, na kemis da na gargajiya. Kukanta shi ne, duk wata a tsakiyar tsarkinta takan ga wani ruwa garai-garai mai santsi, sai ta dukufa shan magani, ta kuma ƙaurace wa maigidanta har ya ɗauke. Da na shaida mata cewa wannan ruwan shi ne babbar alamar da jikin mace ke bayarwa idan ƙwan haihuwarta ya kusa fita, sai ta riƙe baki ta yi tsit, domin kwanakin da take gudu su ne ainihin kwanakin ɗaukar ciki.

Ruwan yana kama da farin ɗanyen ƙwai, idan aka ɗauke shi tsakanin yatsu biyu yakan miƙe kamar yauƙin kuɓewa, ba ya wari, ba ya sa ƙaiƙayi. Wanda ke buƙatar asibiti shi ne mai ƙarni ko ƙaiƙayi, ko mai launin rawaya ko kore, ko wanda ya yi gudaji kamar kindirmo. A kwanakin fitar ƙwan, wasu matan kuma sukan ji ɗan suka a gefe ɗaya na mara, wasu nono ya yi musu nauyi, sha'awa ta ƙaru. Zafin jiki ma yakan hau da kusan rabin digiri, amma sai bayan ƙwan ya riga ya fita.

A wajen lissafi aka fi yin kuskure, domin an haddace cewa rana ta 14 daga ranar da haila ta fara ita ce ranar fitar ƙwai ga kowa. Ƙwan yana fita ne kimanin kwana 14 kafin hailar da ke tafe, saboda haka mai yin haila duk kwana 28 tata ranar tana kusa da ta 14, mai kwana 35 kuwa sai wajen rana ta 21. Ƙwan ba ya wuce awa 24 da rai, alhali maniyyi yana iya kaiwa kwana 5 a jikin mace, shi ya sa kwanakin da ake ganin yauƙin nan suka fi muhimmanci.

Yana sosa mini rai ƙwarai ganin yadda 'yan matanmu ke ƙware a hukuncin haila da tsarki a Islamiyya, amma a kai su ɗakin miji babu wadda ta taɓa faɗa musu wannan. Ina kira ga malamai mata da abokan aikina masu jawabi a ranar awo da su sanya shi cikin karatunsu. Ma'auratan da suka cika shekara guda ba ciki, ko wata 6 idan matar ta haura shekara 35, su je wurin likita, kamar a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kuma a gwada mijin kamar yadda za a gwada matar.

Wassalam.

Daga wata ungozoma,
Gombe.