Kafin a zagi kafinta, a fara tambaya ko katakon ya bushe

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki. Don Allah a ɗan sammin fili a jaridarmu in ba da labarin wata 'yar ƙungiya tamu, in kuma roƙi afuwar kafintocin Kano, don na daɗe ina ɗaukar alhakinsu ban sani ba.

Ni dai ba kafinta ba ne, malamin makaranta ne, lissafi nake koyarwa. Mu goma sha uku ne muke haɗuwa duk Asabar da safe a garejin wani dattijo ɗan fansho a Gyaɗi-Gyaɗi, akwai ma'aikacin asibiti a cikinmu, akwai direba, akwai ɗalibai biyu, ba mai neman kuɗi da abin, sha'awa ce kawai ta a taɓa zarto a ga abu ya fita. Ko suna ba mu sa wa ƙungiyar ba, matan gidan ne dai suke ce mana 'yan dusa, saboda yadda muke fitowa fururu kamar an tono mu.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani tebur. Bara cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, na je 'yan katako a Na'ibawa na zaɓi falanki huɗu na madaci, wan-bai-tuwal, wato kauri inci ɗaya faɗi inci 12, jajaye masu kyau, na ce zan yi wa uwargida teburin cin abinci. Mai katakon har ya ce min, Malam jiya aka sauke shi fa, ka bari ya sha iska. Na ce to, a raina kuwa na ce me zai gaya min, ni da nake da tef da sukwaya. Asabar uku na gama, na sha sanfefa, na shafa banish, maƙwabta suna shigowa kallo, ni kuma kai ya kumbura. To wani dare cikin Janairu, sanyin hunturu ya kankama, muna kwance sai muka ji ƙas! kamar an taka busasshen kara, uwargida ta ce ɓarawo ne, na fito da tocila ba kowa, sai da safe na ga saman teburin ya tsage tun daga baki har tsakiya, tsagar da bakin cokali ke shiga. Har yau in ta so tsokanata sai ta ce a miƙo mata gishiri ta ramin injiniya.

Dattijonmu mai gareji, Baba muke ce masa, shi ya zaunar da ni ya warware min. Katako shan ruwa yake yana fitarwa kamar soso, ko bayan shekara nawa da sare shi. Yawancin wanda ake sayarwa a Na'ibawa da Rijiyar Lemo daga kudu tirela ke kawo shi, iroko da afara da mansoniya da melina, daga inda iska take jiƙe kusan duk shekara, sai a sauke shi a Kano inda hunturu ke busar da leɓe har ya fashe. In ya bushe tsukewa yake, kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi, falanki mai faɗin inci 12 zai iya rage kwata na inci ko ma fiye. Ni kuma na bi na ɗaure saman teburin da gam da ƙusa a jikin firam ta ko'ina, ya nemi wurin motsi ya rasa, dole ya yage kansa.

Tun ranar na daina zagin kafinta. Ku duba yadda muke yi da kayan ɗaki, biki saura sati uku sai uban amarya ya zo yana cewa gado da wadrof da madubi yake so kafin ranar jere, kuma ba ya son jin tsada, to ina kafinta zai samo busasshen katako a sati uku? Zai je kasuwa ya ɗauko wanda ya samu, ya haɗa, ya fesa fenti, kaya su yi ƙyalli ranar kai amarya, hunturu na zuwa ƙofar wadrof ta ƙi rufuwa, durowa ta karkace, sai a ce ai kafintocin yanzu ba amana. Akwai maha'inta, ban musa ba, na san masu cusa ɓawo a inda ido ba ya kaiwa. Amma rabin laifin namu ne masu gaggawa.

Yanzu ga yadda muke yi, ko wani zai amfana. In mun sayo katako ba ma taɓa shi. Mukan jera bulo a ƙasa saboda gara da damshi, mu shimfiɗa falanki, mu gitta ƙananan sanduna masu kauri ɗaya duk bayan ƙafa biyu, kowace sanda daidai kan ta ƙasanta, sannan wani falankin, haka har sama, a ɗora bulo a kai don kada ya lanƙwashe. A inuwa fa, inda iska ke ratsawa, don in ka baza shi a ranar Kano waje zai bushe ciki na jiƙe, shi ne tsagewa. Bakin falankin biyu kuma a shafe da ragowar fenti ko a ɗiga kyandir, ta nan ruwa ya fi saurin fita. Ba mu da na'urar auna damshi, sikelin da ake auna kaji muke ara, mu ware falanki ɗaya mu riƙa auna shi duk Asabar muna rubutawa da alli a jikinsa, ranar da nauyin ya tsaya sati uku bai ragu ba, to ya yi. Wanda zai yi kayan biki da damina, ya sayi katakonsa tun kaka ya bar hunturu ya yi masa aiki kyauta. Sai kuma saman tebur, a ɗaure shi da sukuru a ramin da aka ɗan faɗaɗa, kada a sa gam tsakaninsa da firam, kuma banish a shafa sama da ƙasa duka, ba wai inda baƙo zai gani kawai ba.

Maganar inji kuwa, nan ba wasa. Dokar Baba ce, ba mai matsawa kusa da injin yanka da babbar riga ko hannun kaftani a sake, ko Sallah ake. Kuma in an ɗauke wuta ana cikin yanka, abu na farko a kashe makunni, don mun taɓa mantawa muka zauna shan shayi, aka dawo da wuta injin ya tashi da kansa ya yi wurgi da guntun katako ya fasa gilashin taga, Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Ƙurar mansoniya kuma mugunta gare ta, atishawa da ƙaiƙayin ido, wani har haɓo, sai da takunkumi. Tsumman da aka shafa man katako da shi kada a dunƙule a jefa cikin dusa, yana iya ɗaukar zafi ya kama da kansa, a shanya shi a fili.

Labarinmu na bana, mun gama benci takwas na wata Islamiyya a unguwar, da melina da muka busar wata biyar, yara sun hau sun yi tsalle ko ƙara bai yi ba. Sannan mun samu wani tsohon masassaƙi da ke kai kaya kasuwar Kurmi ya zo mana sau biyu, kuma wallahi ya ba mu kunya, da gizago kaɗai ya fafe akushi muna tsaye da injinanmu. Shi ya tuna mana abin da kakanninmu suka sani, turmi da taɓarya sai ƙirya, allo sai aduwa, rufin soro sai azarar giginya da gara ba ta iya wa. Ya ce maɗobiya ta zama sai labari, kuma gaskiyarsa, ita ce aka yi ta sarewa a Taraba da maƙwabta ana lodawa zuwa Chaina har sai da CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a 2016. Mu dai mun yanke ba za mu saye ta ba ko an kawo da araha, ko da yake ɗaya daga cikinmu har yanzu yana gunaguni.

Roƙona biyu ne. Duk mai tsohon filen na hannu, wato abin kankare katako, ko kurfi da ya gada yana tsatsa a sito, kada ya bai wa 'yan gwangwan, ya bar saƙo wajen Edita za mu zo mu saya, tsohon ƙarfe ya fi na yanzu riƙe kaifi. Na biyu, muna neman ƙarin matasa huɗu, ba a biyan ko sisi, sharaɗin dai Asabar uku na farko shara da wasa kaifi za ka yi, Baba ba ya bari a taɓa zarto kafin nan. Teburin uwargida kuma na ciro samansa na tsaga shi biyu na sake haɗawa, yana gareji yana jiran hunturun bana ya gwada shi kafin in yarda in mayar mata.

Naku,
wani malamin lissafi daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano