Wasiƙa kan bashin karatun likitan haƙori a Amurka

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Saƙonka ya iso, na kuma ga abin da ke damunka. 'Yarmu ta shiga shekarar ƙarshe a makarantar likitan haƙori, bashi ya taru, an kuma gaya mata cewa in ta yarda ta yi aiki a yankin da ba likitoci, gwamnati za ta biya mata. Maganar tana da tushe, sai dai akwai lissafi a cikinta, kuma shi nake so ku zauna ku yi tare kafin ta sa hannu a kowace takarda.

Mu fara da girman bashin. Wanda ya gama karatun haƙori a Amurka da rance a 'yan shekarun nan, yawanci yana fitowa da bashin da ya kai wajen dala 300,000. Rancen gwamnatin tarayya na manyan ɗalibai da aka karɓa a zangon 2024 zuwa 2025 yana ɗauke da ruwa kashi 8.08 cikin ɗari, nau'in da ake kira Grad PLUS kuma kashi 9.08. In ka ɗauki kashi 8 a kan dala 300,000, ruwa kaɗai dala 24,000 ne a shekara, wato 2,000 kowane wata, ba a ma taɓa uwar kuɗin ba. Na san yadda zancen ruwa yake maka nauyi a zuciya. Abin da za a iya yi yanzu shi ne a nemi hanyar da za ta fitar da ita da ƙarancin asara.

Shirin da aka ba ta labari shi ne National Health Service Corps, ana taƙaita shi NHSC. An kafa shi a 1970, yana ƙarƙashin hukumar HRSA ta ma'aikatar lafiya. Likitan haƙori mai lasisi yana sa hannu zai yi shekara 2 cikakku a asibitin da shirin ya amince da shi, su kuma su ba shi har dala 50,000 ya zuba a bashinsa. Mai aikin rabin lokaci yana samun rabin haka. Albashinsa daban ne, asibitin ke biya, kuma gwamnatin tarayya ba ta cire haraji a kuɗin NHSC. Bayan shekara biyun ana iya neman ƙarin kwantiragi shekara-shekara muddin akwai sauran bashi. Sharaɗin farko shi ne zama ɗan ƙasa. Mai takardar zama ta girin kad ba ya shiga. Ita an haife ta can lokacin da kuke karatu, to wannan ƙofar a buɗe take.

Yanzu ka haɗa lambobin biyu. Ruwan shekara 2 dala 48,000 ne, kyautar kuma 50,000. Ka ga ke nan kuɗin NHSC su kaɗai ba sa kashe bashin, tsayar da shi suke yi wuri ɗaya. Masu tallar shirin ba su cika faɗin wannan ba, shi ya sa matasa da yawa ke gama wa'adinsu su duba asusu su tarar bashin yana nan kusan yadda suka bar shi.

Tun da har yanzu ɗaliba ce, akwai reshen da ya fi mata. Sunansa Students to Service, na 'yan shekarar ƙarshe ne kawai, yana biyan har dala 120,000 a kan aikin shekara 3. Ana nemansa tun ana makaranta, in ta bari ta gama to ya wuce ta. Ta shiga ofishin tallafin ɗalibai na makarantarsu a makon nan ta tambayi ranar rufewa.

Abin da ke kashe babban bashi da gaske wani shiri ne daban, PSLF, wanda dokar 2007 ta kawo. Duk wanda ya yi wa gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba aiki, aƙalla awa 30 a mako, ya kuma yi biya 120 na wata-wata, wato shekara 10, sai a yafe masa duk abin da ya rage, ba harajin tarayya a kai. Dabarar ita ce a shiga tsarin biya gwargwadon albashi, yadda abin da ake bayarwa kowane wata zai yi ƙasa, ragowar da za a yafe ta yi yawa. PSLF ba ya cin karo da NHSC, ana tafiyar da su tare, kuma shekarun nan 2 ko 3 suna shiga cikin goman. Ko shekarar horon ƙarin ƙwarewa a asibitin da ba na riba ba tana shiga lissafi in tana biya a lokacin. Shawarata a nan take: in ta san zuciyarta za ta iya shekara 10 a irin wannan aiki, ta haɗa biyun. In kuwa burinta ta buɗe asibitin kanta bayan shekara 2, to NHSC ɗin sauƙi ne kawai, sai ta shirya biyan sauran daga aljihunta.

PSLF yana da tarkuna. A shekarun 2018 da 2019, kusan kashi 99 cikin ɗari na waɗanda suka nemi yafiya an ƙi su, galibi don rancensu ba nau'in Direct ba ne, wato wanda gwamnatin tarayya ke bayarwa kai tsaye, ko kuma suna kan tsarin biyan da bai cancanta ba. Ta duba nau'in kowane rance nata ɗaya bayan ɗaya. Ta riƙa aika fom ɗin tabbatar da wurin aiki kowace shekara, kada ta tara sai ƙarshe, don wani lokacin asibitin ya rufe ko mai sa hannun ya bar aiki. Babban haɗarin kuma shi ne bankuna masu zaman kansu, da za su fara aiko mata wasiƙu da zarar ta gama, suna cewa ta mayar da bashin wurinsu a rage mata ruwa. Ranar da ta yarda, bashin ya fita daga hannun gwamnati, PSLF ya tafi ke nan ba dawowa. Haka kuma asibitin kuɗi na wani mutum yana iya samun amincewar NHSC, amma aikinsa ba ya shiga PSLF. Wurin da ya cika sharaɗin duka biyu yawanci shi ne cibiyar lafiyar al'umma mai tallafin tarayya, wadda ake kira FQHC, ko asibitin hukumar lafiyar 'yan asalin ƙasar, IHS.

Zaɓen wuri yana da nasa ilimi. Gwamnati tana ba kowane yankin da ke ƙarancin likitan haƙori maki daga 0 zuwa 26, shi ne makin HPSA. Ana duba yawan mutane a kan likita ɗaya, wanda ma'auninsa ya fara daga mutum 5,000, sai yawan talakawa, da tsawon tafiya zuwa likita mafi kusa, da ko ruwan famfon garin yana da sinadarin fuloraid mai kare haƙori daga ruɓa. Kuɗin shirin ba sa isar kowa, kuma daga mafi girman maki ake fara rabo, a sauko har su ƙare. Saboda haka kafin ta karɓi aiki ta nemi makin haƙori na ainihin reshen da za ta zauna. Cibiya ɗaya tana iya samun rassa da yawa, wani an amince da shi wani ba a amince ba, kuma makin sashen likitoci daban yake da na haƙori. Ana ganin wannan duka a shafin intanet na Health Workforce Connector.

Sai kwantiragin kansa, wanda nake roƙon ta karanta shi layi-layi. Cikakken aiki awa 40 ne a mako, aƙalla 32 a gaban marasa lafiya, cikin kwana 4 ko fiye. Duk rashin zuwa, hutu ne ko ciwo ko ranakun biki, in ya wuce kwanan aiki 35 a shekara, sai a ƙara shi a ƙarshen wa'adi. Kowane wata 6 ita da asibitin za su tabbatar da awanninta. Ba ta da ikon sauya wurin aiki sai da izini tun kafin ta tashi. In kuma asibitin ya ba ta kuɗin maraba da sharaɗin sai ta zauna shekara kaza, NHSC na ɗaukar wannan a matsayin wani alkawarin hidima, yana iya hana ta shiga. Rancen da iyaye suka ci da sunansu, da bashin katin banki, da na dangi, duk ba sa cikin abin da ake biya.

Tarar karya alkawari ita ce ta fi ba ni tsoro. Wanda ya tafi kafin lokaci zai mayar da kuɗin watannin da bai yi ba, a ƙara masa dala 7,500 a kan kowane wata, sannan ruwa, kuma komai ƙanƙantar abin ba ya gaza dala 31,000. A ce a kwantiragin dala 50,000 ɗin nan saura wata 10 ta bari: kimanin 20,800 na mayarwa, da 75,000 na tara, sun haura dala 95,000, a biya cikin shekara ɗaya. Na faɗi wannan ne saboda maganar auren da ka ambata. In mijin yana wata jiha, a daidaita inda za su zauna kafin sa hannu, don bayan sa hannu ba a karɓar wannan uzurin.

Aikin kansa ba na raggo ba ne. A cibiyoyin nan ba a korar kowa don rashin kuɗi, ana sauke farashi gwargwadon samun mutum, ana karɓar inshorar talakawa ta Medicaid. Mutane suna zuwa ne a makare: kunci a kumbure, turmi ya ruɓe har ƙasan dasashi, yaro ɗan shekara 4 da haƙoran gaba duk sun cinye. Yini yakan tafi a cire haƙori, da cike kogo, da haƙoran roba, da shafa wa yara maganin tsayar da ruɓa. Sau da yawa za ta ga haƙorin da za a iya ceto da wankin jijiya, amma inshorar jihar ba ta biya wa babba, mutumin kuma ba shi da hali, dole a cire. Wannan yana cin ran sabon likita fiye da gajiyar jiki. Amma aikin yana da nauyi a wurin Allah da mutane. A 2007 wani yaro ɗan shekara 12 a jihar Maryland, Deamonte Driver, ya rasu saboda ƙurjin haƙori da ya kai ga ƙwaƙwalwa, abin da cire haƙori ɗaya a kan lokaci zai iya karewa. Irin waɗannan yaran za ta riƙa gani.

Don haka a ganawar neman aiki ta yi tambayoyi ba kunya. Mutum nawa ake so ta gani a yini, kujeru nawa da mataimaka nawa za a ba ta, akwai babban likitan da za ta kira in saiwar haƙori ta karye a ƙashi, ina ake tura abin da ya fi ƙarfinta, likitoci nawa suka bar wurin kwanan nan. Wurin da sabuwar likita za ta zama ita kaɗai, ni ban ba da shawararsa ba ko makinsa 26 ne, domin wadda kwantiragi ya ɗaure ba ta da damar ficewa in wurin ya ɓaci.

Ka ce mata ta turo mini jerin rancen nata da ruwan kowanne, da jihohin da take tunanin zama, in duba mata makin wuraren da shirye-shiryen da jihohin ke da su na kansu. A gaida Hajiya da yara, a kuma gaida mutanen Zariya.

Wassalam,
Abokinka