Wasiƙa zuwa ga Malam Kabiru a kan dangin harsunan da mutum ɗaya ya ƙirƙira

Daga Katsina, zuwa ga aminina Malam Kabiru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya kai da iyali, ga amsar tambayar da ka yi mini, wato dalilin da ya sa nake raba dare a kan harsunan da ba a taɓa cinikin ko ƙwayar goro da su ba.

Wanda ya ƙirƙire su shi ne J.R.R. Tolkien, Baturen Ingila da ya rayu daga 1892 zuwa 1973, kuma ya zama farfesan tsohon Turanci a Jami'ar Oxford a 1925. Tun wajen 1915 ya fara tsara harshen Quenya, wanda ya ɗauko ƙamshinsa daga harshen mutanen Finlan, daga baya kuma ya gina Sindarin bisa amon harshen mutanen Wales. Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya ga jera kalmomi ba, sai ya ƙaga musu kaka guda, sannan ya kafa ƙa'idojin da sauti ya bi ya sauya a bakin kowane jika.

Dubi tsohuwar kalmar galadā ta harshen kakan nan, wato itace. Quenya ba ya fara kalma da b ko d ko g, don haka g ta faɗi, wasalin tsakiya ya bi ta, aka sami alda. Sindarin ya riƙe g, amma ya zubar da wasalin ƙarshe, ya sassauta d, aka sami galadh. Haka nan sautin kw ya zauna daram a Quenya, ya koma p a Sindarin, shi ya sa ake ce wa "kalma" quetta a Quenya, peth a Sindarin. Mutum kuwa atan ne a Quenya, adan a Sindarin, jam'insa edain, domin tsohon wasalin jam'i ya juya wasulan ciki kafin shi kansa ya ɓace.

Na san za ka ce wannan aikin marasa aiki ne, amma ka tuna yadda abokanmu Kanawa suke tsokanarmu idan muka ce zamna da amre da abduga, su kuwa zauna da aure da auduga. Mu ne muka riƙe tsohon baƙin, su suka narkar da shi ya koma u, kamar yadda Bajamushen nan masanin harshe August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920. Jam'in ɓauna, wato ɓakane, har yau yana ɗauke da k ɗin da tilon ya rasa, haka ma talaka da talauci. Jiya a masallacin unguwa na ji wani dattijo yana kukan sabro ya hana shi barci, sai na ga b ɗinsa da g ɗin galadh labarinsu ɗaya.

Inda nake da ja da Tolkien shi ne bai taɓa barin aikin ya huta ba, kullum yana sake tushe da ƙa'ida, har ya rasu bai bar cikakken nahawu ba, sai ɗansa Christopher ya riƙa fitar da takardun daga baya.

Ina roƙonka, tun da kana cikin Sakkwatawa, ka rubuto mini kalmomi goma da suke furtawa dabam da mu, musamman masu l inda muke da r. Ka gai da Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Sani