Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu ta Makanikai, Garwa, 2024

Assalamu alaikum, iyayen gidanmu masu gareji da sauran 'yan uwa.

Kowa ya san yadda shekarar nan ta zo mana. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zuwa-zuwa, wato man da ake shigowa da shi daga can ta bayan fage, ta daina araha, sai kuma a Fabrairun bana litar fetur a gidan mai a nan Kamaru ta tashi daga sefa 730 zuwa 840. Mai moto, wato babur, ya rage zirga-zirga, mai janareto ya lulluɓe abinsa da buhu. Injin da ba a tayarwa kuwa ba ya zuwa gareji. Wasunmu har sun fara sallamar yaran da suka yi shekaru suna koyo a hannunsu.

Shi ya sa horon sola da muka yi bayan ƙaramar Sallah ya fi komai faranta mini rai. Kwana uku muna ƙarƙashin rumfa. Malamin ya nuna mana yadda ake lissafin farantin sola da batir gwargwadon kayan wutar gida, yadda ake karkata farantin ya kalli kudu, da dalilin da ya sa ƙurar hunturu ke cinye ƙarfinsa in ba a goge ba. Rana ta uku muka sauka bakin Binuwai, yaranmu suka haɗa famfon ban-ruwa da hannunsu a gonar albasa. Da ruwa ya ɓullo babu ɗigon fetur, manomin ya ma rasa bakin godiya. Na ga dattijon da ya yi shekara talatin yana kwance kafireta ya durƙusa yana tambayar yaronsa wace waya ce ta ina. Yau garejin da suka turo yara suna karɓar aikin sola, kuma ban ji wanda ya sallami yaro a cikinsu ba.

Taron wata-wata an yi shi yadda aka saba.

Zagaye na biyu na horon da muka yi alkawari bayan damina bai samu ba, kuma ina jin maganganun da ake yi. Ba kwamiti ne ya yi barci ba. Malami ba ya zuwa kyauta, na'urar awon wuta ma da kuɗi ake saye, alhali fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba tun azumi. Akwatin kayan aiki na haɗin gwiwa shi ma abin da ya tsayar da shi ke nan. Ni ma ina da gareji da iyali, amma na sha barin aiki in bi mutum har gida, a ce mini ya fita alhali ga motonsa a ƙofa. Abin da ya fi ciwo, waɗanda ba su zo horon ba su ne ke tambaya ina kuɗi suka shiga. Littafi yana wurin ma'aji, kowa ya zo ya duba.

Duk mai bashi ya kawo kafin taron Janairu, ko da rabi ne. Da abin da ya shigo za mu kira malamin.

Sakatare